Daga Maraɗi Zuwa Gangara: Inda Dalar Kasuwa Ke Komawa Magani

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai tafiyar kilomita 100 ba. Mota za ta kai ka Jibiya, ka tsallake iyaka a Magama, ka wuce Ɗan Isa, kafin hira ta yi nisa da abokan zama sai ga Maraɗi. Duk da wannan kusanci, abin da akasarinmu muka sani game da wancan ɓangaren bai wuce kilishi da cuku da dabino ba. A kakar 2022 wani yayana mai fataucin aya da riɗi ya ce in raka shi zagayen kasuwannin jihar Maraɗi, daga nan mu ƙarasa Gangara mu gaida surukansa. Zumunci da kasuwa ne suka fitar da mu. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne yadda ƙananan hukumomin can suke juya ɗan abin da ke hannunsu ya zama ɗakin shan magani da rumfar kasuwa da magudanar ruwa, kuma talakan da ya biya kuɗin ya san hanyar da suka bi.

Bakatsine ba ya jin baƙunta a Maraɗi. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na da suka yi hijira zuwa arewa, ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya zauna a nan wajen 1819, kuma har gobe mai sarautar garin Sarkin Katsina ake ce masa. Tsohon garin a cikin kwari yake, a bakin Gulbin Maraɗi, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau da mutane kan tudu aka yanka sabon gari. Shi ya sa layukan tsakiyar Maraɗi suke a miƙe, masu faɗi, suna gittawa juna kamar yadda aka zana su tun farko.

Mun shiga garin da yamma. Tagwayen tituna, fitilu a jere, shataletale a share, 'yan kabu-kabu suna ta kai-komo. Mai masaukinmu, wani dattijo abokin cinikin yayana, ya ce mafi yawan abin da muke gani aikin Maraɗi Kwalliya ne. A Nijar ana bikin ranar Jamhuriya kowace 18 ga Disamba, kuma a shekarun baya an mai da bikin na karɓa-karɓa tsakanin manyan biranen jihohi. Birnin da abin ya zagayo kansa sai gwamnati ta zuba masa ayyuka kafin ranar. Doso ta samu a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018. A rabon Maraɗi aka shimfiɗa tituna, aka kafa fitilu, aka yi dandalin fareti, aka gyara filin jirgin sama. Dabarar ta burge ni ƙwarai, domin ta ɗaure aiki da rana. Ɗan kwangila ya san ranar da shugaban ƙasa da baƙi za su iso, jama'ar gari ma sun sani, saboda haka ba wurin ɓuya.

Sai dai gina titi aikin shekara guda ne, riƙonsa kuwa aikin kullum ne, kuma a nan ne magajin gari ke shigowa. Washegari da sassafe na ga ma'aikata suna yashe magudanar ruwa, wasu mata suna sharar bakin titi. A kasuwa kuma na ga wani saurayi da ƙunshin tikiti yana bin masu kasa kaya, kowa ya miƙa 'yan dalolinsa, a yago masa takarda. Wata dattijuwa mai sayar da kuka da daddawa ta riƙe shi sai da ya ba ta tata, ta ƙulle a bakin zane. Na ce, "Inna, wannan 'yar takarda har adana ta ake yi?" Ta ce, "Ɗana, ai ita ce shaidata. Ran da rumfa ta yi yoyo, da ita zan je in yi magana."

Wannan amsa ta sa na fara tambayar yadda tsarin yake. A watan Yulin 2004 Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi na gama-gari, aka kafa majalisu a ƙananan hukumomi 265, mafi yawansu na karkara. A wancan tsarin, jama'a ne ke zaɓen kansiloli, su kuma kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Sarakunan gargajiya suna da kujera a majalisar, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. Dokar da aka yi a 2010 ta tattara ƙa'idojin tafiyar da su wuri guda, sannan a watan Janairun 2016 gwamnati ta miƙa musu wani ɓangare na iko a fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwan sha da muhalli. Babban bambancinsu da namu shi ne, ba su da wani kaso mai kauri da ke sauka daga babban birni kowane wata. Abin da suke dogaro da shi shi ne lamho, wato harajin shekara, da kuɗin kasuwa, da na tasha, da na kara da mahauta, sai tallafin gwamnati ta hannun wata hukuma mai suna ANFICT da aka kafa a 2008, sai kuma abokan hulɗa na waje. Wanda cinsa ya rataya a kan kasuwa kuwa, dole ya kula da kasuwa.

Na ga shaidar haka a Jiratawa, kudu da Maraɗi kaɗan, inda yayana ya je duba farashin hatsi. A can akwai kasuwar sari ta zamani da aka gina da tallafin asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, IFAD, irin wadda aka yi a Tasawa da Sabon Mashi. An kewaye ta, an yi babbar rumfa mai daɓen siminti, da wurin tsayawar manyan motoci, da ma'auni, da makewayi. Kafin a aza tubali sai da aka zaunar da manoma da dillalai da 'yan dako da direbobi da sarakuna da ma'aikatar magajin gari a wani zaure da suka sa wa suna Haɗin Gwiwa, kowa ya faɗi inda ke yi masa ƙaiƙayi. Kasuwar mallakar ƙaramar hukuma ce, amma wata ƙungiyar 'yan kasuwar ce ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya. Buhun da ya shiga ana rubuta shi, wanda ya fita ana rubuta shi. Da haka manomi ya huta da ƙwange, hukuma kuma ta san abin da ya kamata ya shigo aljihunta.

Daga Maraɗi muka fara yin yamma a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa har Damagaram da Difa. Muka wuce Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, muka isa Gidan Rumji. Sunan wannan gari ya shiga kunnen duniya a 2005, shekarar da Nijar ta faɗa cikin ƙarancin abinci bayan fari da fara sun haɗu a shekarar da ta gabace ta, tamowa ta kama yara ba adadi. A shekarar kaɗai ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, kuma jihar Maraɗi ce cibiyar aikin. A lokacin ne ya ƙara tabbata cewa ba kowane yaro ne sai an kwantar da shi ba. Idan yana iya cin abinci, ana ba uwarsa ƙunshin wani haɗi na gyaɗa da madara da sukari da mai, ta koma gida, ta dawo awo mako-mako. Yau wannan aiki ya zama na yau da kullum a cibiyoyin lafiya na karkara, asibitin gunduma kuma yana karɓar waɗanda abin ya yi wa tsanani. Har sarrafa haɗin ake yi a Yamai.

Wani abin da ya sa na sunkuyar da kai a Gidan Rumji shi ne batun 'yan'uwanmu. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako nan, suna gudun 'yan bindiga. Ƙauyukan bakin iyaka suka buɗe musu zaure da rumbu tun kafin wata ƙungiya ta iso. Daga baya hukumomin Nijar da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka matsar da wasunsu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori. Maimakon a killace su a sansani, sai aka zaunar da su gefen mutanen gari, aka ƙarfafa wurin shan magani da rijiyoyin burtsatse da makarantu yadda baƙo da ɗan gari za su amfana tare. Ƙaramar hukumar da ke fama da nata talakawan ta yarda aka ƙara mata wasu. Allah Ya saka musu da alheri.

Muka juyo gabas. Daga Caduwa zuwa Agye hanya ta ratsa gonakin gero da aka gama girbe, kuma abin da ido ke fara kamawa shi ne itatuwa. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, a tsakiyar gonaki, ba a jere ba, ba kuma dasa su aka yi ba. Manoman nan ne suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran, su riƙa yi musu aski har su zama bishiya. Sassaben zamani ke nan, wanda ya fara yaɗuwa daga yankin Maraɗi a shekarun 1980, kuma ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa har masu bincike suna zuwa daga ƙasashe. Abin da ya raya aikin shi ne kwamitin ƙauye mai sa ido, maza da mata da makiyaya, da dokar da suka yanka wa kansu a kan mai saran itacen wani. Na ambaci wannan ne domin irin wannan kwamiti na sake tararwa a bakin ƙofar asibiti.

Gazawa gari ne na kan hanya, tsakanin Agye da Tasawa. A da ƙarƙashin Agye take, sai a 2011, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, ta samu tata gundumar mai ƙananan hukumomi biyu, Gazawa da Gangara. Daga nan muka bar babban titi muka yi kudu. Amalanken shanu ɗauke da dammunan gero, 'yan mata da tallan aya, rumbuna sababbin yaɓe. Ƙaramar hukumar Gangara tana da mutane sama da 50,000 a ƙidayar 2012, kuma kudancinta ya jingina da iyakar Najeriya, ta yadda naira da sefa duk suna yawo a aljihun mutum guda. Surukan yayana suka tarbe mu da fura mai sanyi. "Sannunku da zuwa, Alhaji. Kun zo lahiya? Ina mutan Katsina?" Aka shimfiɗa tabarma, aka yi ta gaisuwa har ta kai ga shanu da gonaki.

Da asuba jikan maigidan ya tashi da zazzaɓi. Ba wanda ya tsaya lissafin abin da ke aljihu. Uwar ta goya shi, ta ɗauki katinsa na awo, kakan ya ce in zo mu bi su. Cibiyar lafiyar gini ne madaidaici, an share harabarsa tas, mata suna zaune a inuwa bisa layi. Shugaban wurin, wanda kowa ke kira majo, ya sa aka ɗiga jinin yaron a ɗan abin gwaji, cikin 'yan mintoci aka tabbatar da zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani, aka gaya wa uwar yadda za ta ba shi da ranar da za ta dawo. Ko dala ba ta biya ba. Tun 2006 doka ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kuma awon ciki, bayan da aka ɗauke na tiyatar haihuwa a 2005.

Da layi ya ragu, majo ya ba ni kujera ya yi mini bayanin matakan. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda aka gina kusan 2,000 tsakanin 2000 da 2007, zamanin Shugaba Mamadu Tanja, da kuɗin da ƙasar ta samu daga sassaucin bashi. Ma'aikacin lafiya guda ke riƙe da kowanne, yana maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari na yara. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya turo cibiya irin wannan, wadda suke kira CSI, inda ake karɓar haihuwa da rigakafi da jinyar tamowa. Daga nan sai asibitin gunduma, sai manyan asibitocin Maraɗi. Ma'aunin da suke auna kansu da shi guda ne: mutum nawa ne ke zaune cikin tazarar kilomita 5 daga wurin shan magani? A ƙarƙashin duk waɗannan kuma akwai 'yan sa-kai na ƙauyuka, waɗanda da damina suke bi gida-gida wata-wata suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓi.

A bango an manna takardar farashi. Babba idan ya zo, yana biyan kuɗi ƙayyadadde wanda ya haɗa dubawa da magani, a ba shi rasit. Kuɗin ba aljihun majo suke shiga ba. Akwai kwamitin gudanarwa da jama'ar yankin suka zaɓa, mai shugaba da ma'aji, da mai karɓar kuɗi da aka ɗauka daga cikin gari. Da sa hannunsu ake fitar da kuɗi a sayo magani, kuma lokaci-lokaci ana zama a buɗe littafi a ƙirga abin da ke cikin kabad. Tushen wannan tsari shi ne shawarar da ministocin lafiya na Afirka suka yanke a Bamako a 1987, cewa al'umma ta sa hannu wajen ɗaukar nauyin cibiyarta da kuma tafiyar da ita. Mu ma mun sa hannu a wannan shawara. Abin da na gani a nan shi ne an riƙe ta da gaske, har manomin da bai yi boko ba yana iya tsayar da ma'aikaci ya tambaye shi lissafi, kuma a amsa masa da ladabi.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne dala ashirin. A yankuna da dama na Nijar, duk wanda ya zo ganin likita yana ƙara sefa 100, wato dala ashirin, a kan kuɗin dubawa. Ana tara wannan daban, ba a taɓa shi sai ranar da naƙuda ta gardama ko jini ya ɓalle wa mace cikin dare. Ran nan da shi za a zuba wa motar asibiti mai ta kai ta gunduma, ba tare da an tsaya jiran miji ya sayar da akuya ba. Kamar adashi ne, sai dai ba wanda ke fatan kwasarsa ta zo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mace mai naƙuda ana neman kuɗin mota ya san darajar wannan dala ashirin. A wajen cibiyar kuma na tarar da wasu magidanta a zaune suna tattauna amfanin awon ciki da haihuwa a gaban ungozoma. Irin wannan zama, da ake kira makarantar mazaje, daga jihar Damagaram ya faro, kuma hikimarsa a fili take: a ƙasar Hausa izinin fita a hannun miji yake, saboda haka shi ya kamata a fara fahimtarwa.

To, ina hannun ƙaramar hukuma a cikin wannan duka? Maigidanmu ya kai ni ma'aikatar magajin gari in ji da kunnena. Ƙaramin gini ne, ba dogon ayarin motoci a ƙofarsa. Wani kansila, manomi kamar kowa, ya tarbe mu. "Malam, bisimilla, ga wuri." Ya nuna mini allon sanarwa, ya ce zaman majalisa a buɗe yake ga duk mai son saurare. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin raya ƙasa na shekara biyar, wanda ake haɗawa bayan an zagaya ƙauyuka an ji buƙatunsu, daga cikinsa ake tsamo ayyukan kowace shekara. Doka ta ce aƙalla kashi 45 cikin 100 na kasafi ya tafi ga ayyukan raya ƙasa, kada albashi da alawus su lashe komai. Lamho a karkara sefa 700 ne a shekara kan kowane baligi, masu gari ne ke tarawa, ana ba su ladan wahalarsu.

Ya ce da irin waɗannan kuɗi ƙananan hukumomin karkara suke katange cibiyar lafiya, su gyara rufin ɗakin haihuwa, su ɗauki nauyin mai gadi ko mai shara ko ƙarin ma'aikaciyar jinya, su taimaka da mai lokacin rigakafi. Idan aikin ya fi ƙarfinsu, kamar ɗaga ɗakin shan magani ya zama cikakkiyar cibiya, ko gina tankin ruwa mai aiki da hasken rana, sai su nemi ANFICT ko wani abokin hulɗa. Akasari sai hukuma ta ajiye nata kason kafin a saki sauran, wani lokaci kuma jama'a su kawo yashi da tsakuwa da ƙarfinsu. Haka abin yake a tsakiyar gari: rumfunan kasuwa, katangar kara, daɓen mahauta, makewayin tasha. Ya ce sun fi ba waɗannan muhimmanci domin su ne ke haifar da kuɗin da za a yi sauran. Kara mai katanga da ƙofa guda, ba dabbar da za a sayar ba a yanki tikiti ba.

Ba su ɓoye mini wahalarsu ba. Shekarar da damina ta yi gardama, lamho ba ya taruwa, kuma ba mai imanin da zai matsa wa wanda rumbunsa ya ƙone. Ikon da aka miƙa a 2016 ya riga kuɗinsa isowa. Maganin kyauta na yara kuma, gwamnati ce ya kamata ta mayar wa cibiyoyi abin da suka kashe, amma biyan yakan yi jinkiri ƙwarai, har kabad ya bushe a koma rubuta wa mutane takarda su sayo a waje. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna rubutu a kan wannan matsala. Ga kuma yawan haihuwa: binciken 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi tana haihuwar yara takwas a matsakaici, wato kowace shekara layin awo ƙaruwa yake yi. Duk da haka ƙoƙarin ya yi rana. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar ya sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ƙasar da ake lissafawa cikin mafi talauci a duniya ce ta yi wannan, ta hanyar kusanto da magani ƙofar gida, da gidan sauro, da rigakafi, da ɗauke wa uwa kuɗin jinyar ɗanta.

Bayan dawowarmu abubuwa sun canza. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka wata da watanni, sannan a watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa jami'an riƙo. Fatana shi ne duk wanda ke kan kujerar ya riƙe allon sanarwa da littafin kwamiti da rasit, kuma ranar da jama'a za su sake zaɓen kansilolinsu ta zo da wuri. Shekara ashirin da mutanen karkara suka yi suna koyon tambayar lissafi dukiya ce da bai kamata a bari ta zube ba.

Mu kuma a gida, ƙananan hukumominmu 774 ne, jihar Katsina kaɗai tana da 34 da mazaɓu 361. Abin da ke sauka ga guda ɗaya daga asusun tarayya a wata, ƙaramar hukumar karkara a Nijar ba ta mafarkin ganinsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ke nan doka tana gefenmu, kuɗi ma akwai su. Abin da ya rage shi ne wanda na gani a hannun dattijuwar kasuwar Maraɗi da kwamitin Gangara, wato talaka ya ɗauki kuɗin hukuma a matsayin nasa, ya bi sawunsu.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu, musamman na bakin iyaka irin Jibiya da Kaita da Mai'aduwa, su shirya kansilolinsu da shugabannin sashen lafiya su tsallaka su gani da idonsu, tafiyar yini guda ce kuma ba a buƙatar tafinta. Su manna kasafinsu a bango da Hausa da ajami. Su farfaɗo da kwamitocin mazaɓu su ba su ikon duba littafin magani. Su kafa asusun kai mai naƙuda asibiti a kowace mazaɓa. Kai kuma mai karatu, idan ka biya kuɗin kasuwa ka karɓi rasit, idan an kira taron asibitin unguwarku ka je, ka tambayi nawa aka samu da abin da aka yi da shi. Haƙƙinka ne, kuma lafiyar iyalinka ce.